Ranar Da Na Je Korar Shaiɗan A Gidan Talatu

In na manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ziyarar da na kai wa Talatu a ƙauyenmu gefen Gazara ba. Lokacin ni ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, kuma gaskiya ina ji da kaina. Talatu sabuwar tuba ce, ko shekara ba ta yi da baftisma ba. Gidansu na gargajiya ne, mahaifiyarta 'yar bori ce. Sai ga shi Lahadi uku ba mu gan ta a sujada ba.

Na ce shi ke nan, ta ja da baya. Fasto ya sha gaya mana cewa mai ƙarfin bangaskiya shi zai riƙe mai rauni (ni kuwa ban taɓa shakkar ɓangaren da nake ba). Na ɗauki Littafi Mai Tsarki, na ja matar Fasto, muka ratsa gonakin rake ina bitar ayoyi.

Muka tarar tana surfe. Ta shimfiɗa tabarma, ta durƙusa ta gaishe mu, ta kawo ruwa. Ko kurɓa ban yi ba na buɗe wa'azi.

"'Yata, Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho, ta bakin mutum yake shigowa. Wa ya hure miki kunne? Faɗi sunansa mu yi addu'a a kansa!"

Ta sunkuyar da kai. Matar Fasto ta ɗan taɓa ni, ban kula ba. Na ce, "Kada ki ji tsoron kowa, ko da dangin babanki ne!"

Can ta ce a hankali, "Mama, ke ce."

Ashe ranar koyon waƙa, tana buga mana tulu, na ƙwace shi a gaban mata na ce, "Kawo, nan ba gidan bori ba ne." Aka yi dariya, ni har na manta.

Ta ce, "Haka hannuna ya koya tun ina yarinya, Mama. Na ɗauka kowa kallon da yake mini ke nan, sai na ce gara in yi addu'ata a ɗaki."

Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya kama ni. Yarinyar da ta jure fushin danginta, ni na kusa korarta. Na durƙusa da furfurata na ce ta yafe mini. Ta rikice tana, "Haba Mama, don Allah tashi!"

Matar Fasto ta gyara murya ta ce, "To, an faɗi suna. Mu rufe ido."

Aka yi addu'a a kaina, na amsa da amin.

Ran Lahadi wuyana har ya gaji da waiwayen ƙofa. Ana waƙa ta biyu ta shigo, ta zauna kusa da ni. Ajiyar zuciyar da na yi, sai da benci na gaba ya juyo.

Yanzu in aka ce wata ta ja da baya, kafin in nemi takalmina sai na fara tambaya: makon jiya me na ce mata?