Barista Samfur

Har yau ban manta da wata jami'a ta birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba. Ɗakin karatunta kaɗai ya fi ginin kasuwar Shisanhang tsayi, ga shiru kamar ana salla. A nan na yi ɗan kwas na dokar kasuwanci a hutun bazara. Da aka miƙo min takardar shaida mai jan hatimi, na tabbata na zama rabin lauya.

Sai na nemi gurbin digiri na biyu a fannin shari'a. Tun kafin a kira ni ganawa na sa aka yanka rago, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da ke kasuwanci a birnin suka sha walima. Ranar ganawar kuwa na zuba babbar riga, abokina Alhaji Isufu ya raka ni har cikin ofis.

Farfesar, wata dattijuwa, ta karɓi takardar da hannu biyu, ta tambayi sana'ata. Na ce tufafi nake turawa gida.

"To ka san samfur," in ji ta. "Wannan samfur ne, mai kyau kuwa. Amma mu sakamakon digirin farko muke aunawa. Ina kwantenar?"

Tana nufin digirin da na watsar tun ina aji biyu a jami'a. Kafin in buɗe baki, Alhaji Isufu ya amsa cikin ladabi: "Meyo." Wato babu, yadda masu shago ke ce mana.

Yanzu ko a layin awon kaya na filin jirgin Baiyun, sai na ji murya daga baya: "Barista Samfur, kwantenar ta taso kuwa?"