Yadda Za Ka Sa Lardin Kanada Ya Zaɓe Ka Ba Tare da Innarka Ta Sani Ba

Sallama gare ka, ɗan'uwa mai digiri. Sunana Mijinyawa, ina da shagon aika kaya a Batha, bayan layin 'yan canji, kuma da wuya ɗan Najeriya ya bar Riyadh da iyalinsa ban ɗora akwatinsa a sikeli ba. Abin da ya mai da ni masanin ƙaura ke nan. Kanada dai ban taɓa zuwa ba, amma wallahi na fi waɗanda suke can sanin ta.

Ka ji ana cewa lardunan ƙasar suna zaɓar ƙwararru da kansu, injiniya, nas, mai haɗa wuta, su miƙa sunanka sama a ba ka zama na dindindin, ba kafilin da zamanka ke hannunsa, ba fargabar sabunta iƙama, wato takardar zama. To bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari lardi zai kira ka da cikakken sunanka. Ɗalibina Injiniya Isiyaku ya bi su ba tsallake, ga shi nan biza tana aljihunsa. Da shi zan riƙa ba ka misali.

Mataki na ɗaya: Ka fara jin haushin Riyadh

Ba a ƙaura da zuciya mai godiya. Albashi yana shigowa a kan kari, Makka ga ta nan, motar Umara a bakin shagona take lodi. Share duk wannan. Da zarar sitiyari ya ƙona maka hannu da azahar, ka yi tsaki ka ce, "Wannan ai ba rayuwa ba ce." Maimaita har sai matarka ta fara amsawa da "Wallahi kuwa."

Idan haushin ya ƙi kamawa, dubi 'yarka da aka haifa a garin nan, wadda Larabcinta ya fi Hausarta tsayuwa, ka tuna ranar da kwantiraginka ya ƙare ita ma baƙuwa ce kamar kai. A nan kam ba sai ka ƙirƙiro komai ba. Wannan tunanin ne ya fara kawo Isiyaku shagona.

Mataki na biyu: Ƙirga iyalinka yadda lardi yake ƙirgawa

Gidan Isiyaku a unguwar Badi'a yake. Akwai shi, akwai matarsa Muhibba, nas ce, akwai 'yarsu Hajar, sai mahaifiyarsa Inna Sabuwa, wadda ya ɗauko daga Azare bayan rasuwar mahaifinsa, yake ta sabunta mata biza a ƙarƙashin iƙamarsa. Kai da ni za mu ce iyalinsa ke nan. Lardi kuwa ya ce a'a, mata da 'ya'ya su ne masu bin mutum, uwa 'yar'uwa ce kawai.

Kada ka yi musu, mutanen nan da maki suke aiki. Digirinka yana da maki, ƙuruciyarka tana da maki, Turancin matarka ma yana da maki. Matar da ta sayar da tumakinta ta tura ka jami'a ba ta da ko ɗigo. Kuma ranar da ka fita Saudiyya bizarta ta mutu, sai Azare, sai ɗakin nan da ƙanenta ya cika da buhunan gero.

Na ga idonka ya yi ja. Haba injiniya! Maganin abin kalma biyu ce: "daga baya". Daga baya za ka gaya mata, daga baya za ka ɗauke ta, ai an ce akwai hanya ga mai jira. Kada ka haɗa lissafin jiran da ciwon gwiwarta, su biyun ba sa zama a shafi ɗaya.

Mataki na uku: Kamu da son lardin da ba ka iya faɗin sunansa

Lardi kamar gidan surukai yake, ba ya son wanda zai karɓi amarya ya gudu da ita babban birni. Sai ka nuna a can kake so ka tsufa. Buɗe taswira, nemi inda ya fi nisa da kowa, ka rubuta musu cewa tun kana firamare kake mafarkin gonakin alkamarsu.

Isiyaku, mutumin da idan an ƙara sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a masallaci yake komawa sahun baya, ya rubuta cewa shi da ƙanƙara abokai ne. Ni na taya shi. Na so mu ƙara cewa yana wasan zamiya a kanta, ya ce in ji tsoron Allah, muka tsaya a nan.

Hikima kyauta: sanyin da ka karanta a waya ba ya shiga ƙashi.

Mataki na huɗu: Karɓo shaidar aiki daga mudiri

Lardi yana son shugabanka na wurin aiki ya rubuta cewa kai ƙwararre ne. Shugaban kuwa idan ya gane dalili, sai ya tuna akwai wani injiniyan da ya fi ka araha. Saboda haka kada ka shiga da takarda a hannu. Shiga da gaisuwa. Tambayi lafiyarsa, da ta yaransa, da ta sabuwar motarsa. Sha gahawa har cikinka ya ɗauki zafi, sannan ka ce wani ɗan kwas kake so ka yi ta intanet, don amfanin kamfani.

Zai ce, "Bukura in sha Allahu." Kada ka ɗauka gobe yake nufi. Ka ci gaba da dawowa da murmushi har ya gaji da ganin haƙoranka ya buga hatimi.

Mataki na biyar: Yi komai a gaban Inna, amma da wani suna

Gida ɗaya kuke, ba yadda za a yi ta rasa gani. Dabarar ita ce kowane abu ka raɗa masa sabon suna. Idan ta ji ka a ɗaki kana hira da waya da Turancin hanci, saboda jarrabawa, ka ce aiki ne. Idan rigunan sanyi suka shigo gida, a ɗora su can saman kabad, a ce saƙon wani ne.

Ranar ɗaukar hoto, Isiyaku da Muhibba da Hajar suka ci ado da hantsi. Inna tana tabarma tana gyaran zogale. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Baban Hajar, ina zuwa haka?"

"Hoto ne kawai, Inna, na sabunta takardu. Yanzu za mu dawo."

"To, a dawo lafiya."

Ka gani? Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tsofaffi ba su san kan waɗannan abubuwan ba, shi ya sa aikin yake da sauƙi.

Mataki na shida: Nemi addu'arta, kada ka faɗi buƙatar

Wannan shi ne babban matakin, kuma shi ne Bature bai sani ba. Masu nema daga ko'ina suke, da digiri kamar naka, wasu har da biyu. Abin da ka fi su da shi, kana da uwa, kuma Ka'aba tana kusa.

Al'adarmu ta riga ta share maka hanya. Mutum yakan durƙusa ya ce, "Inna, ina da wata buƙata, a sa ni a addu'a," kuma ba uwar da za ta ce wace buƙata ce. Isiyaku ya yanka musu tikitin Umara, ya tura ta a keken guragu saboda gwiwa. A wurin ɗawafi ta ce ya tsaya, ta sauka, ta yi da ƙafarta tana dafe da kafaɗarsa. Ya ce min tun daga farko har ƙarshe abu ɗaya take faɗi: "Ya Allah, abin da yaron nan yake nema ka ba shi, ka sa masa albarka a ciki." Ya ce tana faɗi tana kuka.

"Mijinyawa, ni fa na kasa cewa amin," in ji shi.

Na ce ba komai, ba naka amin ɗin ake buƙata ba. Idan abin ya tsaya maka a wuya, sha zamzam.

Mataki na bakwai: Idan saƙo ya zo, yi murna a hankali

Zai zo, ai na gaya maka. Isiyaku yana kan hanyar kasuwar Utaiƙa sayo dabino lardi ya zaɓe shi. Ya faka a gefen titi ya kira Muhibba, ta shiga banɗakin asibiti ta yi guɗa cikin mayafi.

Yanzu za ka ce lokacin gaya wa Inna ya yi. Wa ya faɗa maka? Zaɓin lardi ba biza ba ne, da sauran jira, da sauran gwajin lafiya. Don me za ka tayar wa tsohuwa hankali a kan abin da bai tabbata ba? Bari biza ta fito. Idan ta fito, bari a wuce Juma'a. Idan an wuce, ai ga shi yau ta kwana da ciwon gwiwa. Kullum akwai dalili mai kyau, kuma duk na tausayi ne.

Mataki na takwas: Kawo kayanka a auna

A nan na saba rufe darasi in ba ka farashin kilo. Sai dai shekaranjiya da la'asar wata mota ta tsaya a ƙofar shago, maƙwabciyar su Isiyaku Hajiya Delou ta fito tana riƙe da hannun Inna Sabuwa, direba yana jan tsohon akwatin ƙarfe. A gida sun ce turaren wuta za su saya.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, ina za a kai?"

"Azare, gidan ƙanena. Nauyi ne da shi, gara ya riga ni isa."

Na fara inda-inda, wai ko injiniya ya san da zancen.

"Malam Mijinyawa, tun da na zo garin nan, duk sabunta takarda da ni ake zuwa, a ce in gyara mayafi in kalli gaba. Ran nan aka tafi hoto ba wanda ya ce in gyara mayafi. Ga rigunan saman kabad, na sa an sauko min da su na duba, ba mai kama da tawa."

Na ce, "To Inna, ke nan lokacin da kike addu'a a ɗawafi..."

"To me zan ce wa Ubangiji? Ya hana shi?" Ta gyara zama. "Yarinyar nan tana buƙatar ƙasar da ba za a ce mata fita ba. Kai dai kada ka gaya wa Baban Hajar. Yana ta fama da yadda zai faɗa min, har ya rame, kar a ƙara masa nauyi. Ka bar shi ya faɗa da bakinsa, in yi kamar yau na fara ji."

Ta kwance bakin zane ta biya, ta ƙi ragin da na yi mata. Na naɗe akwatin da buhu, na rubuta adireshi, na juya rubutun ya kalli bango.

Sanarwa

Mijinyawa da shagonsa ba su da hannu a duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan. Idan sanyi ya fasa maka leɓe, tsakaninka da lardi. Idan ka isa aka ce digirinka sai an sake duba shi, ka koma tuƙin tasi, ba ni na rubuta wasiƙar soyayyar ba, taya ka kawai na yi. Idan "daga baya" ta zo ta tarar ba kowa a ɗakin Azare, kada ka kira lambata. Alkawarin lardi na yi maka, kuma na cika.

Masu tambayar mataki na tara su yi haƙuri, babu shi. Jiya bayan magariba Isiyaku da kansa ya zo nemansa. Na miƙa masa shayi, ya duba bai ga kujera ba, ya zauna a kan wani akwati da ke jingine da bango.

"Mijinyawa, kai ne masani. Don Allah ta ina zan fara gaya mata?"

Na ce ya sha shayinsa kada ya huce.