Rasuwar Kutti, Allon da Farfesa Ya Ɗura wa Wuta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya ƙi hucewa, Kayalvizhi Arumugam, ɗalibar digirin digirgir a ɗakin gwaji na hawa na uku a nan Chennai, tana sanar da rasuwar Kutti, allon kwamfutar da ta shekara uku tana reno. Ya cika ranar Litinin da hantsi, a hannun Farfesa Sethuraman.

Marigayin mai sauƙin kai ne. Yau a sake masa tsarin ciki ya tace hotuna, gobe a mai da shi mai lissafi, bai taɓa cewa ba aikinsa ba ne. Kayalvizhi ce ta koya masa cin abinci da tsari: in aiki ya yi sauƙi ya rage gudu, ya rage ƙarfin wutar da yake ja, in ya yi nauyi ya ƙara gwargwadon buƙata. Har ya kai yana rayuwa da rabin abin da 'yan'uwansa ke sha. Ba a san shi da surutu ba, sai "tsss" na fankarsa.

Ajali ya same shi ranar Ayudha Puja, bikin girmama kayan aiki, ranar da ko keken mai shayi ake wankewa, a rataya masa fure, a bar shi ya huta. Kutti ma yana hutawa da sarƙar furensa, sai ga Farfesa da baƙi uku daga wani kamfani. Farfesa, mutumin da rabonsa da riƙe wayar lantarki tun kafin a haifi Kayalvizhi, ya kunna allon, ya ga yana tafiya a natse, kunya ta kama shi. Bai tambayi kowa ba. Ya kashe tsarin da ke auna wutar, ya murɗa ta har ƙarshe don baƙi su ga gudu, alhali fure ya toshe fanka. Sun ga gudu na daƙiƙa arba'in, sannan suka ga hayaƙi. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ɗas".

Farfesa ya ce a sayo wani, ai duk ɗaya ne. Ƙarya yake, kuma ya sani. Kowane allo da iyakar yunwar da yake iya jurewa, awon shekara uku kuwa na jikin Kutti ne shi kaɗai, ga na ƙarshe ba a kammala ba.

Marigayin ya bar fanka guda wadda har yanzu take warin ƙauri, da kundi mai babi biyar da rabi, da Kayalvizhi, wadda za ta kare kundin nan ranar Alhamis, ba ta kuma yafe ba.

Ba a karɓar gaisuwa daga ofishin Farfesa. Kwalin alawar laddu da ya aiko an mayar masa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a ɗakin jarrabawa. Kayalvizhi za ta shiga da gawar a kan faranti, ta ajiye ta gaban kwamiti. Idan suka ce a kunna su gani, za ta miƙa wa Farfesa wayar wutar, tunda shi ya iya.