Ƙofar da Bilya Ya Bari

"Lafiya lau, Alhaji. Ya tsufa?"

"Tsufa yana gidanku. Haka ake shigowa ɗakin miji, da ƙurar mota har gira?"

Hindu ce, 'yata. Saukarta ke nan daga motar Ngaundere, ta wuce kai tsaye ɗakin kakanta, mahaifina Alhaji Dawuda, a gidanmu na Garwa. Tun rasuwar yayanta Bilya, kwamfutarsa tana ɗakin Baba a kunne. Hotunansa suna ciki, da muryarsa a hirarrakin da ya naɗa. Daga jami'a Hindu take shiga cikinta ta intanet, da wata manhaja da ake kira SSH. Baba ya hana a canza komai a cikinta. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallonsu.

"Ƙofar na'urar nan na zo gyarawa," in ji Hindu.

"Na'ura da ƙofa? Bokon ya fara taɓa ki."

"Tana da ita, ta nan nake shigowa. An gano makulli irin nata yana da rauni, masu shi sun fitar da gyara tuni. Sauran manhajojin ciki akwai mai kula da su, apt sunansa. In na ce masa ya yi mizajur, wato sabuntawa, sai ya ɗauko wa kowacce sabon gyaranta."

"Tsaya. Wato kina taɓa kayan a bayan idona?"

"Duk Juma'a, kana masallaci."

"Na auri ɓarauniya."

"Ka auri mai gadi kyauta. Ƙofar ce kawai ta gagare ni. Bilya, Allah ya ji ƙansa, da hannunsa ya haɗa ta, apt bai ma san da zamanta ba. Sai na cire ta, na sa wadda ya sani. In na cire daga Ngaundere kuwa, na kulle kaina a waje. Shi ya sa na zo."

"Na ɗauka kewata ce ta kawo ki."

"Kewar tari da ƙorafi?"

Baba ya gyara zama a kujerarsa. "Aikin hannu za ki cire ki sa na kowa da kowa? Hular hannu da ta inji, wacce ake sawa ranar Salla?"

"Hula ba a kwana ana gwada mata makullai. Jiya na duba, baƙi suna ta ƙwanƙwasawa daga ƙasashen da bakinka ba zai iya faɗa ba."

"Su ƙwanƙwasa. A nan nake kwana, ga sandata. Ni da na taɓa korar 'yan fashi a hanyar Mora da tsawa kawai."

"Bara ka ce da takalmi ka kore su."

"Wancan wani zuwan ne."

"Kai da ɓera ya cinye maka goro a aljihu kana minshari?"

"Ba ɓera ba ne, ke ce. Je ki, na sake ki."

"Ka cika uku, in samu mai haƙora." Ta ajiye jakarta ta zauna a tabarma. "Alhaji, lokacin da kake shagon atamfa, in mai gadi ya bar aiki, me kake yi?"

"In canza kwaɗo kafin la'asar."

"Ko tsohon yana da kyau?"

"Ko na Jamus ne." Ya harare ta. "To, in sun shigo, me za su ɗauka? Ba atamfa a ciki."

"Su goge komai, ko su kulle. Har muryarsa."

Baba ya juya ya kalli na'urar. Fankar cikinta kaɗai ake ji.

"Shi yaron ya san ba a barin ƙofar haka?"

"Ya sani. Cewa ya yi zai gyara bayan Salla."

"Wacce Sallar?"

"Bai faɗa ba."

Sai Baba ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Malalacin banza. Haka ya ce da rediyona, ga ta can a kan durowa."

Tun da muka dawo daga maƙabarta, ba wanda ya ambaci yaron nan a gidan sai da addu'a a biye. Ranar ne aka fara zaginsa kamar yadda aka saba.

Baba ya dafa sanda ya miƙe, ya tura wa Hindu kujerarsa, wadda ko ni ban taɓa zama a kanta ba.

"Zauna ki rufe masa, kafin a ɗauke wuta. Tun yana rarrafe bai taɓa fita ya ja ƙofa ba."