Farfesan Gobe Ya Nemo Littafi

Duk jami'ar nan babu mai tausayin nakasassu kamar Farfesan Gobe. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya sai da dalili. Har yanzu Dakta ne, amma tun da ya sa aka bar fili a allon ƙofar ofishinsa saboda ƙarin girman da ke tafe, ɗalibai suka raɗa masa wannan suna. Shi kuwa ya ɗauka addu'a ce.

Da aka buɗe sabon darasin nazarin nakasa, shugabar sashe ta tambayi wanda zai koyar. Kafin ta rufe baki ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, wannan fagena ne. Ni fa ko makaho na hango a titi sai na rage gudun mota."

Aka ba shi, bisa sharaɗin ya kawo abin da ɗalibai za su karanta, in ba haka ba a soke darasin.

Ya fara nema daga inda ilimi ya fi yawa, wato kabad ɗinsa. Ya tono wata maƙala da ya rubuta tun yana saurayi, wadda kalmar "gurgu" ta fito a cikinta sau ɗaya. Shugaba ta duba, ta mayar masa da abarsa.

Sai ya nufi laburare. Ma'aikaciyar ta jere masa littattafai da mujallu, tana cewa wannan kurma ne ya rubuta, wancan kuma wata makauniya. Ya ture su da ɗan yatsa.

"Haba ƙanwata! Abin ai ya shafe su, ina za su iya adalci? Ba ni na masana, waɗanda suka kalli matsalar daga nesa."

Da kansa ya zaɓo wani baƙin littafi mai kauri, babu hoton marubuci. Ya auna nauyinsa a hannu, ya karanta bangon baya, ya gamsu. "Ka ji lafiyayyen tunani daga lafiyayyen mutum!"

Ya sa aka yi hoton shafukan, rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Wani ɗalibi makaho ya roƙi a ba shi na kwamfuta, don wayarsa ta karanta masa.

"Ɗana," in ji Farfesan Gobe, ya dafa kafaɗarsa, "ilimi ba a ido yake ba, a zuciya yake." Maganar tasa ta ratsa shi kansa har ya share ƙwalla. Ɗalibin ya fita hannu wofi.

Ana nan sai labari ya zo cewa mai littafin zai ziyarci jami'ar. Farfesan Gobe ya karɓe shirin tarba gaba ɗaya. Ya zaɓi zauren da ke hawa na ƙarshe, mai darduma da fanka, domin babban baƙo ba ya zama a ƙasa. Ranar ya hau mumbari cikin sabuwar kwat. Sai shugaban ɗalibai ya matso ya raɗa masa cewa ga wata mata a keken guragu a gindin bene, tana nemansa.

"Ku ce wa baiwar Allah ta yi haƙuri," ya faɗa cikin lasifika, don kowa ya shaida kirkinsa. "Yau muna da babban baƙo. Ta dawo gobe, ba zan hana ta abin alheri ba."

"Malam, ita ce fa mai littafin," in ji shugaban ɗaliban.

Shugabar sashe ce ta fara sauka. Ɗalibai suka bi ta, kowa da kujerarsa a ka. A farfajiya, kusa da inda ake ajiye tsintsiya, baƙuwar ta fara darasi.

Farfesan Gobe bai sauka ba, don jawabin da aka sha wahalar shiryawa ba a barinsa. Ya karanta wa fanka jawabinsa mai taken "Mu Kawar da Shinge" tun daga farko. Yana tsakiyar shafi na huɗu tafi ya ɓarke daga ƙasa. Ya dakata, ya dafe ƙirji, ya ɗan rusuna.