Sukuwar Kwamanda Ɗantsoho

"Ni da doki? Ai ido kawai za mu haɗa ya san ubangidansa ya iso!"

In ka zauna a Daura farkon shekarun Shari'a, to ka sha jin wannan cika baki wurin Ɗantsoho ɗan agaji: kaki ya sha sitaci, usur a wuya, tumbi a gaba. Kuma wallahi ko jaki bai taɓa hawa ba. Burinsa ɗaya a duniya, Malam Hafizu shugaban ƙungiyarsu ya naɗa shi kwamanda.

Ran kasuwar Mai'adua dama ta samu. Suna aikin kula da hanya, sai wani ɗan acaɓa ya kwashi Dabo, dattijon da ke janye da dokin da ya sayo. Babur ya baje a ƙasa, Dabo na riƙe da ƙafa yana salati, doki kuwa ko ƙwarzane babu.

"Ku matsa, aikin masana ne!" in ji gogan naka. Ya tsallake Dabo, ya naɗe wa doki bandejin ƙungiya kaf.

"Ɗana, ni ne na karye."

"Baba, a bi layi."

Malam Hafizu ya haɗe rai. "Mota muke nema daga Daura. Wa zai je?" Lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba.

"Ranka ya daɗe, ga mota mai ƙafa huɗu!" in ji Ɗantsoho.

"Kada ka hau!" in ji Dabo. "Wannan dokin..."

"Baba, majinyaci ba ya koya wa likita aiki."

Da ƙyar aka cicciɓi buhun tsiya aka ɗora bisa doki. Ya busa usur. Doki ya sunkuyar da kai, ya kama zagaye babur. Ashe dokin masu mazarƙwaila ne, tun tasowarsa aikinsa ke nan, juya injin matse rake. Shi ya sa Dabo ke jan sa da igiya.

"Daura na ce, shashasha!" Ya ƙara busa, doki ya ƙara wuta. Duk sanda ya gifta gaban shugaba sai ya sara masa: "Yanzu zan tafi, ranka ya daɗe!"

Yana cikin tafiyar wata a-kori-kura ta tsaya. Malam Hafizu ya ɗaure ƙafar Dabo da rawaninsa, aka ɗora shi a baya. Nan jiri ya kwashi sarkin dawaki, ya faɗo tim. Shugaba ya zare usur daga wuyansa ya jefa aljihu, aka kwantar da shi gefen Dabo.

Ya buɗe ido ɗaya. "Na iso Daura?"

Dabo ya dube shi, ya girgiza kai. "Kaico, ɗana. Da an zuba rake a tsakiya, da yau ka amfani jama'a."