Rasuwar 'Yar Zomo, Wadda Kuka Yi Ta Narkarwa Kuna Daskararwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya riga ya cinye rabinsa, Ta-Bakin-Taga, ɗalibar da ke ƙarshen digirinta na uku a ɗakin gwaji na sama, tana sanar da ku rasuwar 'Yar Zomo. Ku ɗin nan take nufi, masu tsaye kuna karanta wannan takarda a jikin firiza. A gabanku marigayiya ta yi jinya, kuka kawar da kai.

Ga wanda bai san ta ba, 'Yar Zomo antibodi ce, ruwan da bai cika cokalin shayi ba, a 'yar kwalbar roba mai jan murfi. Daga jinin zomo aka samo ta. Idan aka sa ƙwayoyin bakteriya su ƙera wani sinadari da ake kira furotin, akan liƙa masa alama, kamar tsagar kunnen saniya, don a zaro shi daga cikin tarkace. Marigayiya ce ke gane wannan alama. Duk inda ta gan ta, sai ta bar baƙin layi a takardar gwaji, siriri, tsaf. Da lafiyarta ba ta taɓa shaidar zur ba. In babu, babu za ta nuna, ko Farfesa ne tsaye yana jiran a ce akwai.

Ba mai surutu ba ce. Iyakar muryarta "ƙas" in an buɗe murfinta, "ƙas" in an rufe.

Kowa a ɗakin nan ya san ƙa'ida. Ranar da irinta ta iso, raba ta ake yi a ƙananan kwalabe, kowa ya narkar da tasa, domin yawan narkewa da daskarewa shi ne ajalinsu. Ta-Bakin-Taga ta faɗi haka tun ran gini. Babban ɗalibi ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, ke dai da zafin kai! Gobe ma rana ce." Mai kula da kaya ya ce kwalaben suna kabad, makullin kabad yana wajen Farfesa, Farfesa yana taro. Gobe ta haifi jibi, jibi ta haifi gata.

Sai kowa ya koma zuwa da kalmarsa ɗaya: ɗan ɗigo kawai. Wani ya murza ta tsakanin tafukansa don ta yi saurin narkewa. Wata ta jefa ta aljihun farar riga ta tafi cin abinci. Dakta Mai-Gemu ya taɓa barin ta a rana, ya dawo ya mayar da ita firiza yana fito, kamar ba a yi komai ba.

Layinta ya fara dusashewa, kuka ce a ƙara yawanta. Ta fara ganin alama inda babu, irin na mai zafin ciwo, kuka ce laifin takarda ne. Murfin ma ya saki, ya daina "ƙas". Ranar da Ta-Bakin-Taga ta samu furotin ɗinta ya fito tas bayan doguwar wahala, masu jarrabawa kuma suna tafe, ta miƙa shi ga marigayiya don ta yi shaida. Takardar ta fito fari fat, kamar rigar gwajin Farfesa da ba ta taɓa ganin aiki ba. Furotin ba ya jiran kowa, lalacewa yake yi. In layin nan bai fito ba kafin su iso, shekara guda ta tafi.

Marigayiya ta bar abokin zamanta, Ɗan Akuya, antibodi na biyu da aka samo daga jinin akuya, wanda bai iya komai a duniya ba sai bin bayan zomo. Yanzu yana zaune a sanyi ba wanda zai bi. Ta bar bakteriya masu ɗimbin yawa waɗanda ba su ma san ta mutu ba. Ta kuma bar ƙanwa guda, sabuwar kwalba irinta, wadda ta iso jiya cikin ƙanƙara, hatiminta ko taɓa shi ba a yi ba, kuma ita ce ta ƙarshe da za a saya bana. An riga an ga babban ɗalibi yana leƙen ta yana cewa ɗan ɗigo kawai.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da safe, a kwandon sharar gwaji mai ruwan ɗorawa, bayan ƙofa. Ba a karɓar gaisuwa. Mai cewa kwana ne ya ƙare ya riƙe abinsa, domin hannu ne ya ƙarar da shi.

Daga wajen binnewa ba wanda zai watse. Ku zo da safar hannu, da bokitin ƙanƙara, da alƙalamin rubutu a jikin roba, a raba ƙanwar nan a gaban kowa. Ranka ya daɗe Farfesa, a taho da makullin kabad. In taro ya riƙe ka, ka aiko da shi, don Ta-Bakin-Taga ta riga ta aro guduma.